Yaron da Ba Ya Iya Zama Wuri Ɗaya

A kusan kowace makaranta akan sami yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya. Malam na bayani, shi kuwa hankalinsa na waje. A yi tambaya, ya amsa tun ba a gama ta ba. Akan ce ƙiriniya ce, a bi shi da bulala.

Tun a shekarar 1902 wani likitan yara na Ingila, George Still, ya yi bayanin irin waɗannan yara. A yau ana kiran lalurar ADHD, wato rashin iya tattara hankali tare da yawan motsi. Tana shafar kimanin yara 5 cikin 100, kuma gado na da babban tasiri a cikinta.

Asalin matsalar a ƙwaƙwalwa yake. Sashen da ke bayan goshi shi ne ke tsara aiki, yana kuma hana mutum yin abu da garaje. A wajen waɗannan yara yakan yi jinkirin ƙosawa, kuma sinadarin dofamin, mai isar da saƙo tsakanin ƙwayoyin jijiya, ba ya aiki daidai. Bulala ba ta kaiwa can.

Amma ba kowane mai ƙiriniya ke da ita ba. Likita ba ya tabbatar da ita sai alamun sun kai wata 6, sun fara kafin shekara 12, ana kuma ganinsu a gida da makaranta. Akwai ma wanda ba ya yawan motsi, hankalinsa ne kawai ke tafiya. Irin wannan ya fi ɓoyuwa, musamman cikin 'yan mata. Malami yana iya zaunar da yaron a layin gaba, ya riƙa ba shi aiki guntu-guntu. Batun magani kuwa na likita ne.