Yadda Ake Kiyaye Fentin Mota

Akwai wani yaro a Zariya wanda kawunsa ke da motar haya. Da ita kawun ke ciyar da iyalinsa, da ita kuma yake biyan kuɗin makarantar yaron. Ran nan da hunturu yaron ya tashi da sassafe, ya tarar ƙura ta lulluɓe motar. Sai ya ɗauko busasshen tsumma ya shiga gogewa da ƙarfi, don ya faranta wa kawunsa rai. Da rana ta ɗaga, sai ga jikin motar duk ya yi zane-zane, kamar an ja ƙaya a kansa.

Kawun ya fito ya gani, amma bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ɗana, niyyarka kyakkyawa ce, amma aiki sai da sani. Murza ƙurar nan tsakanin yatsunka."

Yaron ya murza, ya ce, "Kawu, ashe yashi ne a ciki!"

Kawun ya ce, "To, shi ne ya karce fentin."

Ba don ado kaɗai ake yi wa mota fenti ba. Jikin mota ƙarfe ne. Ƙarfe kuwa in ruwa da iska suka taru a kansa sai ya yi tsatsa, tsatsar ta yi ta cinsa har ta huda shi. Fenti shi ne rigar da ke kare ƙarfen, kaurinsa kuwa bai fi na takarda ɗaya ko biyu ba. Saboda haka abu kaɗan ke lalata shi.

Kashegari kawun ya koya wa yaron wankin mota. Da fari suka kai ta inuwa, domin a rana ruwan sabulu yakan bushe da wuri ya bar tabo. Suka kwara mata ruwa zalla, ƙurar ta sauka. Sa'an nan suka kawo bokiti biyu, ɗaya da ruwan sabulun mota, ɗaya da ruwan ɗauraye soso. Ba su sa garin sabulun wanki ba, don yana da kaifi, yana cinye man da ke kan fenti. Suka fara daga rufi suka gangaro ƙasa. Tayoyi ne na ƙarshe, da wani soso dabam, tun da nan datti ya fi yawa. Suka ɗauraye, suka tsane ruwan da tsumma mai laushi.

Bayan ta bushe, kawun ya buɗe gwangwanin man goge mota. Ya ce a cikinsa akwai kaki, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya mai kama da giginya a ƙasar Barazil. Ya shafa kaɗan a wuri ɗaya, ya jira ya yi fari-fari, sa'an nan ya goge. Motar ta ɗauki ƙyalli. Da ya yayyafa ruwa, sai ruwan ya dunƙule ya gangare. Ya ce, "Ran da ka ga ruwa ya daina dunƙulewa haka, lokacin sake shafawa ya yi."

Ya kuma gargaɗe shi a kan abu uku: kashin tsuntsu da na jemage, da ƙaron itace, da taɓon damina mai maƙalewa a ƙarƙashin mota. Duk a wanke su da wuri, kada su daɗe su yi ɓarna.

Daga ran nan yaron bai sake goge ƙura a bushe ba. Rigakafi, an ce, ya fi magani.

Tambayoyi

1. Me ya karce fentin motar?
2. Mene ne amfanin fenti ban da ado?
3. Don me ake wanke mota a inuwa?
4. Ta yaya ake gane lokacin sake shafa man goge mota ya yi?