Yadda Ake Sa Kwamfuta Ta Tsara Ƙamus Mai Hotuna da Kanta

Gabatarwa

Da muka dawo daga aikin tattara kalmomi, na zo da sunayen kayan saƙa da kaɗi masu yawa, kowanne da ma'anarsa da hotonsa. Na shafe mako biyu ina jera su da hannu. Ranar da na ƙara kalma guda a shafi na uku, sai komai ya goce, hoton ƙoshiya ya koma ƙarƙashin mazari. Da na kai wurin bugawa kuma, ƙ da ɗ da ɓ duk suka zama akwatuna, ga shi saura kwana uku a miƙa aiki. Wannan maƙala za ta bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai hanyar da ta fisshe ni, wato rubutaccen umarni, wanda kwamfuta ke bi ta haɗa takarda mai shafuka da yawa.

Mataki na Farko: Raba Bayani da Tsari

Ka zuba bayananka a jadawali mai gida uku: kalma, ma'ana, da sunan fayil ɗin hoto. Kada ka yi wa jadawalin ado. Ka adana shi da tsarin UTF-8, domin shi ne ke riƙe haruffanmu masu lanƙwasa. Hotuna kuwa a tara su wuri guda, kuma masu ɗigo 300 a kowane inci sun fi fita tas a takarda.

Mataki na Biyu: Tsara Shafi Guda

A nan na yi amfani da LaTeX, wanda Leslie Lamport ya gina a kan manhajar TeX da Donald Knuth ya fitar a 1978. A cikinsa za ka faɗi girman takarda, misali A4 mai milimita 210 da 297, da faɗin gefe, da gurbin hoto. Umarnin \includegraphics ne ke ɗauko hoto, \newpage kuma ya buɗe sabon shafi.

Mataki na Uku: Rubuta Umarnin

Gajeren umarni a harshen Python ya wadatar. Aikinsa shi ne ya ɗauki layi guda daga jadawali, ya zuba shi a tsarin shafin nan, ya koma layi na gaba, har ƙarshe. Tunda kalma da hotonta layi guda suke, ba yadda za a yi su rabu.

Mataki na Huɗu: Fitar da PDF

Ka yi amfani da XeTeX, wanda Jonathan Kew ya fitar a 2004, tare da nau'in haruffa mai ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, kamar Charis SIL. Shi zai cusa haruffan a cikin fayil ɗin PDF, saboda haka ko kwamfutar mai bugawa ba ta da su, za su fito daidai.

Kammalawa

Ba na ɓoye muku, ranar farko da wuya, domin baka guda da ka manta rufewa kan tsayar da aikin. Amma da malamina ya ce in gyara ma'anoni bakwai, jadawali kawai na taɓa, na sake kunna umarnin, ƙamus ya fito sabo. Shawarata ita ce ka fara gwaji da kalmomi biyar, ka buga shafi guda ka duba lanƙwasa, kafin ka biya kuɗin sauran.