Usman Sembene, Ɗan Masunci Mai Shirya Silima

Silima iri biyu ce. Akwai ta wasa, inda a kan ƙaga labari, a sami mutane su kwaikwaya. Akwai kuma ta labarin gaskiya, wadda ba a ƙaga kome a cikinta. Masu shirya wannan su kan nemi tsofaffin hotuna, su tambayi waɗanda suka ga abu da idonsu, sa'an nan su harhaɗa. Yau za mu karanta labarin wata silima irin ta biyun. Sunanta Sembene, an fara nuna ta a Amurka cikin shekarar 2015. Tarihin wani mutumin Senegal ta ƙunsa, Usman Sembene, wanda a ke kira uban silimar Afirka.

An haifi Usman cikin 1923 a Ziguinchor, wani gari na bakin kogi a kudancin Senegal. Ubansa masunci ne. A zamanin nan ƙasar tana hannun Faransawa. Aka sa shi makaranta, amma ya sami saɓani da babban malaminsu, aka kore shi tun bai cika shekara 15 ba. Ya tafi Dakar, ya yi aikin gini da makanikanci. Cikin 1944 aka ɗauke shi soja, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan yaƙi ya haye teku zuwa Faransa, ya zama lebura mai sauke kaya a tashar jiragen ruwa ta Marseille.

Wata rana yana cikin aiki ya ji ciwo mai tsanani a baya, har ya daɗe a kwance. Amma bai zauna banza ba. Ya shiga karatun littattafai, ya koya wa kansa abin da bai samu a makaranta ba. Da ya yi nisa sai ya lura da wani abu: yawancin littattafan da ke ba da labarin Afirka, baƙi ne suka rubuta su. To, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Saboda haka ya ɗauki alƙalami. Littafinsa na fari ya fito cikin 1956. Cikin 1960 kuma ya fitar da wani, mai ba da labarin ma'aikatan jirgin ƙasa na hanyar Dakar zuwa Bamako, waɗanda suka yi yajin aiki daga 1947 zuwa 1948.

Sai dai akwai abin da ya dame shi. Da Faransanci ya ke rubutu, mutanen da ya ke rubutawa dominsu kuwa yawancinsu ba su iya karatu ba. Ina amfanin littafi ga wanda ba zai iya karanta shi ba? Ya yi tunani, ya ga hoto mai motsi kowa na ganewa, da mai karatu da marar karatu, gama gani ya kori ji. Sai ya tafi Mosko, a ƙasar Rasha, ya koyi aikin shirya silima, yana gab da shekara 40. Gemu dai ba ya hana ilmi.

Da ya komo gida, cikin 1963 ya shirya wata 'yar gajerar silima a kan wani mai keken doki a Dakar. Mutumin nan ya kai wani fasinja unguwar masu arziki, inda aka hana irin kekensa shiga, ɗan sanda ya ƙwace keken, ya koma gida hannu wofi. Cikin 1968 kuma ya shirya Mandabi, watau takardar kuɗi ta gidan waya. Labarin wani talaka ne da ɗan'uwansa ya aiko masa kuɗi daga Faris, amma aka ƙi biyansa don ba shi da takardar shaida. Ya yi ta yawo ofis ofis, har mazambata suka cinye shi. Da harshen Wolof aka yi maganar cikinta, harshen da yawancin mutanen Senegal ke ji. Sembene kuwa ya ɗauki silima tamkar makarantar dare, inda manya za su zauna su ga halin zamansu, su yi tunani.

To, yaya aka yi tarihin mutumin nan ya zama silima? Akwai wani yaro a gabashin Senegal, sunansa Samba Gadjigo. Sa'ad da ya ke makaranta ba abin da ya ke so kamar ya zama Bafaranshe. Yana da shekara 17 ya karanta littafin nan na ma'aikatan jirgin ƙasa. Ya tarar jaruman cikinsa mutane ne irin iyayensa. Daga ran nan ya bar raina asalinsa. Ya girma, ya zama malamin jami'a a Amurka, ya kuma zama aminin Sembene, har ya rubuta tarihinsa.

Sembene ya rasu a Dakar ran 9 ga Yuni, shekarar 2007, yana da shekara 84. Bayan rasuwarsa Samba ya shiga gidansa na bakin teku. Abin da ya gani ya tayar masa da hankali. A da, a kan wani dogon abu siriri mai kama da ɗamara a ke ɗaukar hotunan silima, a naɗe shi, a rufe cikin gwangwani. Zafi da laima su kan lalata shi. Samba ya tarar gwangwanayen sun yi tsatsa, abin da ke ciki ya soma ruɓewa. Ya ga in an yi sake, aikin mutumin nan zai salwanta, 'yan baya ba za su san shi ba. Sai ya haɗa kai da wani Ba'amurke, Jason Silverman, suka shekara da shekaru suna tattara hotuna, suna tambayar waɗanda suka san shi, har silimar ta kammala.

Ba yabo kaɗai suka yi masa ba. Sun nuna ƙwazonsa, sun kuma nuna mutum ne mai zafin rai, wanda aiki ya kan ɗauke masa hankali daga iyalinsa. Haka ya kamata ga mai ba da tarihi, ya faɗi gaskiya ko a kan wanda ya ke ƙauna.

Ku ma, yara, akwai tsofaffi a garinku da suka san labarin da ba ya cikin kowane littafi. Ku je ku gaishe su, ku tambaye su, ku rubuta abin da suka gaya muku tun suna da rai.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin silimar wasa da ta labarin gaskiya?
2. Don me Sembene ya koyi shirya silima, alhali ya iya rubuta littattafai?
3. Me Samba ya tarar a gidan Sembene?
4. Rubuta labarin wani tsoho ko wata tsohuwa na unguwarku cikin layi 10.