Kafin ki hau jirgi: yini guda a Jidda

Yawancin masu zuwa Umara daga ƙasar Hausa, abin da suka sani na Jidda bai wuce filin jirgi da titin da ya miƙe zuwa Makka ba. Asara ce wannan, 'yar'uwa. Tun shekarar 647, zamanin Halifa Usman ɗan Affan, aka mai da Jidda tashar jiragen ruwan Makka, kuma a nan kakanninmu da suka taka ta Chadi da Sudan suke sauka bayan sun ƙetare Bahar Maliya. Yini guda ya ishe ki ganin gari da cin kifi, in kin kiyaye abu biyu: ki bi garin daga kudu zuwa arewa, kuma kada ki yi gardama da rana.

1. Zaɓi ranar tun yau. Wadda ta fi dacewa ita ce ranar komawarki gida, in jirginki na tsakar dare ne, domin filin jirgin yana arewacin gari, inda yawon zai ƙare. Ki guji Juma'a, kasuwanni ba sa buɗewa da safe. Idan kuwa za ki kwana a Makka bayan yawon, ki tambayi malamin ayarinku hukuncin harami kafin ki fita. Wannan tsari na mai bizar Umara ne. Lokacin Hajji, sai da sanin jami'an hukumar alhazai.

2. Yanki tikitin jirgin ƙasa na Haramain a waya tun da daddare. Daga tashar Rusaifa a Makka zuwa tashar Sulaimaniyya a Jidda kamar rabin awa ne. Ki lura, tasha biyu ce a Jidda. Ta filin jirgi ba ita kike so da safe ba. Jirgin yana da iyakar kaya, saboda haka manyan akwatuna su bi motar ayari. Ke dai jakar hannu, fasfo, gorar ruwa, lema, cajar waya da takalmi mara tsini. Ki canza riyal ƙanana, ki kuma sauke manhajar Careem ko Uber a waya don kada ki tsaya ciniki da mai tasi a rana.

3. Karya da abincin gari. Nemi shagon ful da tamis: wake ne da aka dafa ya yi luguf aka zuba masa mai, da faffaɗan burodi mai zafi daga tanderu. Mai son zaƙi ta ce a ba ta ma'asub, wato ayaba da aka kirɓa da burodi, aka sa kirim da zuma. Kwano ɗaya ya ishi mutum biyu. Kada ki cika ciki, babban aiki yana gaba.

4. Kafin tara ki kasance cikin Balad, tsohon garin Jidda, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. A wannan lokaci lunguna babu cunkoso, inuwar gidaje kuma ba ta janye ba. Ki ɗaga kai sosai, domin kyan Balad a sama yake. Gidaje ne masu hawa huɗu, biyar, an gina su da dutsen murjani na bakin teku, an ɗaure bangon da katako. A fuskar kowane gida akwai rawashin, tagogin katako da suka turo waje, masu sassaƙa da ƙananan ƙofofi kamar rariya. Iska tana shiga, rana ba ta shiga, matan gida suna ganin titi, na titi ba ya ganinsu. Duk wadda ta taso a gidan da ake kiyaye sutura za ta gane hikimar nan take.

Fara da Ƙofar Makka. An rushe ganuwar garin a 1947, amma an sake gina ƙofar don a san inda ayarin mahajjata ke fita. Daga nan ki bi kasuwar Alawi har Gidan Nasif, wanda aka gama ginawa a 1881, kuma Sarki Abdul'aziz ya sauka a cikinsa da ya shiga Jidda a 1925. Matakalarsa tana da faɗi, an yi ta ne don raƙumi ya iya hawa da kaya. A ƙofar gidan akwai tsohuwar bishiyar darbejiya da mutanen gari ke ji da ita. In kin tarar an rufe gidan, ba komai, daga waje ma ya isa kallo. Ki ƙarasa masallacin Shafi'i a unguwar Mazlum, ɗaya daga cikin mafi tsufa a garin, ki yi nafila ki huta.

5. Ɗauki hoton gini iya son ranki, amma kada ki ɗauki mutum sai da izininsa, musamman mata. Doka ce a can, ana kuma hukunta wanda ya karya ta. Haka tashar jiragen ruwa da wuraren jami'an tsaro, ki mayar da waya jaka.

6. Da hantsi ya ɗaga, ki tafi babbar kasuwar kifi da ke bakin teku, 'yan mintoci a mota daga Balad. Nan ne abincin ranarki, kuma a ganina shi ne abu mafi daɗi a yinin gaba ɗaya. Ki zagaya sau ɗaya ba tare da kin taya komai ba, ki ji farashin kilo a teburi uku. Najil, jan kifin nan mai ɗigo-ɗigo, shi ne sarki, tsadarsa ma ta sarki ce. Hamur da sha'ur sun fi sauƙi, daɗinsu kuma babu laifi. Akwai jatan lande manya. Sabon kifi idonsa garau yake, cikin kunnensa ja ne, in kin danna jikinsa da yatsa wurin ba ya lotsawa.

In kin biya, ki kai wa masu fiɗa su kankare su wanke, sannan ki miƙa wa masu dafawa da ke cikin kasuwar. Kowa da ladansa daban, ki tambaya tun kafin su taɓa. Ki ce a soya rabi, a gasa rabi. Ki haɗa da sayadiyya, shinkafar da ake dafawa da soyayyiyar albasa har ta yi duhu, da miyar tsamiya da ta riɗi. Ƙasan kasuwar jiƙe yake kullum, ki ɗan tattare abayarki.

7. Daga Azahar zuwa La'asar, ki zauna a inuwa. Zafin Jidda da gumi yake zuwa, ba irin busasshen zafin Makka ba ne, yana kayar da mutum bai ankara ba, balle daga Yuni zuwa Satumba. Ki shiga ɗaya daga manyan shagunan gefen Balad masu na'urar sanyaya wuri, ki yi salla, ki sha ruwa, ki sa waya a caji.

8. Bayan La'asar kasuwa ke farkawa, sai ki koma sayen tsaraba: turaren wuta, almiski, luban, dabino, sallaya. Ki rubuta sunayen waɗanda za ki saya wa tun a masauki, ki tsaya a kansu. Ki taya, ba abin kunya ba ne. Wajen zinari, a titin Kabil da kewayensa, ki tambayi kuɗin giram daban, kuɗin aiki daban, a auna a gabanki, ki karɓi rasit. Kada ki yi mamaki in kin ji Hausa a bayanki. Akwai 'yan'uwanmu da aka haifi kakanninsu a can, kuma tsirensu ya daɗe da zama abincin mutanen Hijaz.

9. Kafin Magariba ki hau mota zuwa bakin teku na unguwar Hamra. Daga nan ake kallon maɓuɓɓugar Sarki Fahad, wadda aka buɗe a 1985. Ruwan teku take harbawa sama fiye da mita 260, babu irinta a tsayi a duniya, da duhu ya shiga kuma fitilu su haske ta. Ki sayi shayi ki zauna tare da iyalan gari. Minti talatin ya isa.

10. Isha'i a masallacin Rahma, can arewa. A kan ginshiƙai aka kafa shi cikin teku, in ruwa ya cika sai ki ga kamar yana yawo a kansa. Akwai ɓangaren mata. Tafiyar tana da ɗan nisa, titin bakin teku kuma yana cunkushewa da daddare, ki ba ta minti arba'in.

11. Abincin dare ya zama mai sauƙi. Kajin Albaik a Jidda suka fara a 1974, ki ci su a garinsu, ki karɓi ƙarin miyar tafarnuwa. In layi ya yi tsawo, ki nemi mutabbaƙ mai ƙwai da nama, ana yinsa a gabanki cikin 'yan mintoci.

12. Ki duba tikitinki ki ga daga wane ɓangare na filin jirgin Sarki Abdul'aziz za ki tashi, domin ɓangarorin suna nesa da juna, kuskure a nan yana cin awa guda. Ki isa awa huɗu kafin tashi. A can za ki sayi zamzam mai lita 5 a rufaffen kwali, irin wanda ake yarda a ɗora a jirgi. Kwalaben turare kuma ki naɗe su cikin tufafi, ki sa a babban akwati kafin a auna.