Shan Inna da Aikin Gayya: Nazari a Kan Yaƙi da Cutar Foliyo a Ƙasar Hausa

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa sunan da al'umma ta laƙaba wa cuta yana da tasiri a kan yadda take karɓar maganinta. A tunanin Bahaushe na gargajiya, Inna, ɗaya daga cikin iskokin bori, ita ce ke shanye ƙafar yaro, shi ya sa ya ce "shan inna". Wanda ya ɗauki cuta a matsayin aikin iska kuwa, wurin boka zai nufa, ba asibiti ba.

A wurin likitoci, ƙwayar bairos ce ke haddasa cutar. Tana fita ta bayan gida, ta shiga ruwa ko abinci, sannan ta kama laka. In ta shanye gaɓa ba ta da magani, sai dai riga-kafi tun da wuri.

A shekarar 2003 aka dakatar da riga-kafin a Kano, saboda jita-jitar cewa yana hana haihuwa. Zargin ya sami gindin zama ne domin mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Ko da aka koma aiki a 2004, cutar ta riga ta tsallaka ƙasashe da dama.

Daga nan aka gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa bisa jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Limamai suka yi bayani a huɗuba, masu unguwanni suka raka ma'aikata gida gida, mata 'yan sa-kai suka shiga wurin matan kulle inda namiji ba ya shiga. Waɗanda cutar ta naƙasa su ma suka fito, jikinsu ya zama hujja.

A 2016 aka ga yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar ta kama, a Jihar Barno, kuma a watan Agusta 2020 aka tabbatar da kawar da ita daga Afirka. Duk da haka riga-kafi bai ƙare ba, domin wani nau'inta yana ɓulla inda aka yi sakaci.

Abin lura ga ɗalibin Hausa shi ne, digon maganin likita ne ya kawo shi, amma ƙofar gida ba ta buɗu ba sai da muryar da aka sani ta yi sallama.