Ƙasa Mai Tafiya

Mai haƙar rijiya ya fi sauran mutanen gari sanin cikin ƙasa. In ya fara haƙa sai ya tarar da rairayi ko jar ƙasa, ya wuce ya iske marmara, ya yi ta sara har ya cim ma ruwa a gaba goma ko goma sha biyar. Daga nan sai ya aje diga, don ya sami abin da ya zo nema. To, da zai ci gaba da haƙa bai tsaya ba, me zai tarar?

Mutanen Rasha sun gwada. A cikin shekarar 1970 suka kafa wata babbar na'ura a Kola, can arewacin ƙasarsu, suka shiga huda dutse. Bakin ramin bai fi faɗin faifai ba. Suka yi ta fama shekara da shekaru, har a 1989 zurfinsa ya kai mita 12,262, watau kilomita 12 da 'yan kai. A can ƙasa suka iske zafi ya kai digiri 180, ga shi kuwa ruwa a digiri 100 yake tafasa. Dutse ya fara laushi, aiki ya gagara, daga baya aka bar shi. Har yau babu ramin da ya kai wannan zurfi.

Amma daga doron ƙasa zuwa tsakiyar duniya kilomita 6,371 ne, watau kamar mutum ya yi tafiyar Kano zuwa Legas sau shida. Ashe ramin nan na Kola bai fi cizon sauro a jikin giwa ba.

To, tun da ba wanda ya taɓa zuwa can, ta yaya aka san abin da ke ciki? Ku tuna da mace in ta je kasuwa sayen tukunya. Ba ta fasa ta don ta ga ko tana da kyau. Ƙwanƙwasa ta take yi da yatsa, ta kasa kunne. Amon da ta ji shi zai gaya mata ko tukunyar lafiya take, ko kuwa da tsaga a ɓoye. Haka masana suka yi da duniya, sai dai ba su ne suke ƙwanƙwasawa ba, girgizar ƙasa ce take yi musu wannan aiki.

In ƙasa ta girgiza a wani wuri, motsin ba ya tsayawa nan. Yakan ratsa cikin duniya ya ɓulla a wasu ƙasashe masu nisa, inda na'urori suke rubuta sa'ar da ya iso da irin ƙarfinsa. Motsin da ke ratsawa iri biyu ne. Na farko turawa yake yi gaba, shi yana wuce dutse, yana wuce ruwa. Na biyu kaɗawa yake yi gefe da gefe, kamar igiyar da aka riƙe bakinta ana karkaɗawa, shi kuwa ba ya iya wuce abu mai ruwa-ruwa ko kaɗan. Da aka tara labarin girgiza masu yawa, sai aka ga motsi na biyu ba ya ɓulla a ɗaya gefen duniya. Wani abu ya tare shi a hanya. Na farko ma yakan karkace, ya makara. A 1906 wani masani ɗan Ingila, Richard Oldham, ya nuna akwai wani babban ƙwallo a tsakiyar duniya wanda ya bambanta da dutsen da ke kewaye da shi. Daga baya aka tabbata narkakke ne. A 1936 kuma wata mace 'yar ƙasar Danmak, Inge Lehmann, ta lura da wani ɗan motsi mai rauni da ke ɓulla inda bai kamata a ji kome ba. Ta yi lissafi, ta ce lalle a cikin narkakken ƙwallon nan akwai wata ƙwaya dabam da motsin yake karo da ita. Maganarta kuwa ta tabbata.

Saboda haka ana iya kwatanta duniya da mangwaro, mai ɓawo da tsoka da ƙwallo. Ɓawon shi ne wanda mutane suke zaune a kai, suna noma, suna gini. Kaurinsa a ƙarƙashin tudu wajen kilomita 35 ne, a ƙarƙashin teku kuwa bai fi 5 zuwa 10 ba. Tsokar dutse ce mai zafi, ta tafi har zurfin kilomita 2,900. Daga nan sai ƙwallo, wanda yawancinsa baƙin ƙarfe ne. Na wajensa narkakke ne, yana gudana. Ƙwayar tsakiya kuwa zafinta ya wuce digiri 5,000, kusan daidai da zafin fuskar rana, amma duk da haka ba ta narke ba, domin nauyin duniya duka yana danne da ita ta kowane gefe. Wannan zafi, wani tun farkon duniya yake, wani kuwa yana fitowa daga waɗansu ma'adinai kamar yuraniyom, irin wanda ake samu a Arlit ta ƙasar Nijar.

Kada yaro ya zaci tsokar nan ruwan wuta ce. Dutse ce mai tauri. Amma wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga yadda ƙarfe yake in ya sha zuga ya yi ja: bai zama ruwa ba, amma yana lanƙwasuwa. Haka dutsen tsoka yake. Mai zafi yana tasowa sama, wanda ya huce yana nutsewa, kamar yadda talge yake juyawa cikin tukunya, sai dai abin da talge zai yi nan take, dutsen nan sai ya shekara miliyoyi bai gama ba.

Ɓawon duniya kuwa, tare da sashen tsoka mai tauri da ke manne da shi, ba guda ɗaya ba ne. A fashe yake, kamar ƙwaryar da ta faɗi aka harhaɗa ta. Manyan ɓangarorinsa bakwai ne, ban da ƙanana da yawa. Kowane ɓangare kamar sakaina yake, yana ɗauke da ƙasashe da tekuna a bayansa, yana tafiya sannu a kan dutse mai laushi da ke ƙarƙashinsa.

Mutumin da ya fara tsayawa sosai a kan maganar tafiyar ƙasa wani Bajamushe ne, Alfred Wegener, masanin yanayin sama. Ya dubi taswira ya ga gabashin Amurka ta Kudu ya turo ƙirji, yammacin Afirka kuwa ya lotsa, daidai wurin da Nijeriya da Kamaru suke. Kowane yaro yana iya gwadawa: ya kwafi nahiyoyin nan biyu a takarda, ya yanka da almakashi, ya gama su, zai ga sun shiga juna. Wegener bai tsaya ga taswira ba. Ya tattara shaidu. Akwai wata dabba ta zamanin da, mai kama da ɗan ƙaramin kada, wadda tsawonta bai fi mita 1 ba. An sami ƙasusuwanta da suka zama dutse a kudancin Afirka, an kuma same su a Barazil. Yaya 'yar wannan dabba za ta yi iyo ta ƙetare babban teku? Har wa yau jerin duwatsun gaɓar nan ya yi daidai da na waccan gaɓa. A 1912 ya bayyana ra'ayinsa gaban masana, a 1915 ya buga littafi, ya ce da can nahiyoyi duka a haɗe suke wuri ɗaya, daga baya suka rabu.

Yawancin masana suka ƙi. Suka ce, “To, wane ƙarfi ne zai ture nahiya guda?” Wegener bai iya ba da amsa mai gamsarwa ba. A gaskiya tambayarsu tana kan hanya, don ba a karɓar babbar magana sai da hujja. Inda suka yi kuskure shi ne da suka watsar da shaidun da ya kawo gaba ɗaya. Wegener ya mutu cikin ƙanƙarar Girinlan a 1930, yana da shekara 50, bai ga ranar da aka gaskata shi ba.

Amsar tana kwance a ƙarƙashin teku. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu jiragen ruwa suka yi ta auna zurfin Tekun Atlantika. Wata Ba'amurkiya, Marie Tharp, ita ce take zana taswira da awon da suke kawowa, ko da yake a lokacin ba a barin ta shiga jirgin saboda ita mace ce. A 1952 ta lura jerin tsaunukan da ke tsakiyar tekun yana da wani dogon kwari a gadon bayansa. Nan ne ƙasa take buɗewa. Narkakken dutse yana tasowa ta tsagar, ya daskare, ya zama sabon ɓawo. Da aka auna shekarun duwatsun ƙarƙashin teku sai aka iske na bakin tsagar sababbi ne, in ana nisa da ita kuwa suna ƙara tsufa, dama da hagu daidai wa daida. Kafin 1970 kusan dukan masana sun sallama.

Yanzu da taurarin ɗan Adam ake auna tafiyar. Tekun Atlantika yana ƙara faɗi santimita 2 zuwa 4 kowace shekara, watau kamar tohon farce. A ce santimita 3 ne. Daga ranar da yaro yake ɗan shekara 10 zuwa ranar da zai cika 70, Amurka ta Kudu za ta ƙara nisa da Afirka da santimita 180, tsayin dogon mutum ke nan. Abin kamar ba kome. Amma a shekara miliyan 1 ya zama kilomita 30, a shekara miliyan 100 ya zama kilomita 3,000. Sannu ba ta hana zuwa.

Tun da duniya ba ƙara girma take yi ba, in ana yin sabon ɓawo a wani wuri, tilas tsoho ya ɓace a wani wuri. Inda ɓangarori biyu suka yi karo, wanda ya fi nauyi yakan kurɗa ƙarƙashin ɗan'uwansa ya koma cikin tsoka. Bakin nan da ya nutse shi yake jan sauran ɓangaren, kamar jiƙaƙƙen bargo da aka shanya a katanga, gefe ɗaya ya rinjaya ya janye sauran. Wannan ja yana cikin amsar tambayar da aka yi wa Wegener. In kuwa nahiya ce ta yi karo da nahiya, ba wadda take yarda ta nutse, sai ƙasa ta tattare ta yi sama. Haka Indiya ta yi da Asiya wajen shekara miliyan 50 da suka wuce, tsaunukan Himalaya suka tashi. Ƙololuwar Everest, mai tsayin mita 8,849, dutsenta a ƙarƙashin teku aka yi shi, har da ragowar halittun ruwa a cikinsa.

Wahalar tana ga mutanen da ke zaune a bakin ɓangarorin nan. Duwatsu ba sa gogar juna salin-alin. Sukan cije, su yi shekara ɗari ko fiye ƙarfi yana taruwa, sa'an nan su kufce gaba ɗaya. Wannan kufcewa ita ce girgizar ƙasa. Ran 26 ga Disamba, 2004, ƙarƙashin teku ya kufce kusa da tsibirin Sumatara na Indunusiya, ruwa ya taso ya hau tudu a ƙasashe da yawa, har Somaliya, mutum fiye da 220,000 suka halaka. Ran 6 ga Fabrairu, 2023, ƙasa ta girgiza a Turkiyya da Siriya kafin asuba, mutane suna barci, fiye da 50,000 suka rasu, yawancinsu gidaje ne suka rufta musu. Har yanzu ba mai iya faɗin ranar da girgiza za ta zo, amma an san wuraren da take zuwa, wannan kuwa ba ƙaramin amfani ba ne. A Japan, inda girgiza ba baƙuwa ba ce, ana gina gidaje masu rausaya ba su faɗi ba, ana kuma koya wa 'yan makaranta su shige ƙarƙashin tebur su kare kawunansu da zarar sun ji motsi.

Ƙasar Hausa tana zaune can tsakiyar ɓangaren Afirka, nesa da bakinsa, shi ya sa girgiza mai ƙarfi ba ta saba zuwa nan ba. Akan ji 'yar ƙarama jefi-jefi, kamar wadda ta firgita mutanen Mpape a Abuja cikin Satumba, 2018. Amma da can ba haka wurin yake ba. Sa'ad da Amurka ta Kudu take rabuwa da Afirka, fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, tsagar ta yi reshe uku daidai inda Kogin Kwara yake shiga teku yanzu. Biyu suka ci gaba da buɗewa suka zama Tekun Atlantika. Na uku ya nufi arewa maso gabas, ya yi wajen kilomita 1,000, sa'an nan ya tsaya. Ruwan teku ya shiga cikinsa ya daɗe, daga baya ya janye, laka da rairayi suka cike gurbin. Ta cikin wannan tsohuwar tsaga Kogin Binuwai yake bi. A Ashaka ta ƙasar Gombe, inda ake fasa dutsen yin siminti, ana tsintar halittun teku da suka zama dutse, gidajensu a nannaɗe kamar ƙahon rago.

Abin da ya tsaya a Binuwai yana ci gaba a gabashin Afirka. Bahar Maliya, wanda alhazai suke ƙetarewa zuwa Jidda, tsaga ce da ruwa ya cika, ƙasar Larabawa tana janyewa daga Afirka wajen santimita 1 kowace shekara. A Satumba, 2005, ƙasa ta dare a yankin Afar na Habasha cikin 'yan makonni, tsawon tsagar kilomita 60, faɗinta a waɗansu wurare ya kai mita 8. Wani sashe na ƙasar Afar ya riga ya yi ƙasa da fuskar teku, waɗansu tuddai ne kawai suka tare ruwan Bahar Maliya bai kwararo ba.