Kada ki ce masa ta yi tafiya

'Yata, Allah ya jiƙan Inna, ya ba ki haƙuri. Gida ya cika da 'yan gaisuwa, kowa ta kanki yake yi. Amma akwai ƙaramin mai makoki, ɗanki, da ba wanda ya yi wa ta'aziyya. Shi ma ai kakarsa ya rasa, mai ce masa mijina, mai ajiye masa tsokar nama a gefen kwano.

Zai tambaye ki ina take. Na san tausayi zai sa ki so cewa ta yi tafiya. Ki daure, ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Yaron da aka gaya wa haka, duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ya ruga. Ranar da ya ji gaskiya a bakin yaran unguwa kuwa, maganarki ta rage nauyi a wurinsa. Kada kuma ki ce barci take yi, sai ya riƙa tsoron kwanciya.

Ɗora shi a cinyarki, ki ce, "Kaka ta rasu, ta koma ga Allah, ba za ta dawo ba." Ɗan shekara 3 ko 4 bai gane mutuwa ba ta da dawowa ba. Gobe zai sake tambaya, jibi ma haka. Ki maimaita masa amsar, ba tsawa. Wani yaron ma zato yake rashin jinsa ne ya jawo. Ki tabbatar masa ba laifinsa ba ne, kwananta ne ya ƙare.

In hawaye ya zo miki a gabansa, bar shi ya zuba. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, kuma shi Manzon yana da shekara 8 ya rasa kakansa Abdulmuɗɗalib.

Za ki gan shi yana kuka, an jima yana guje-guje a tsakar gida. Haka yara suke ɗaukar baƙin ciki, kaɗan-kaɗan. In ya koma fitsarin kwance ko ya maƙale miki, kada a dake shi. In watanni suka shuɗe ba ya cin abinci, ba ya barci, a kai shi ga likita.

Koya masa cewa "Allah ya jiƙan Kaka" bayan kowace salla. Ranar sadaka ki miƙa masa kwano ya kai wa almajirai da hannunsa. Ki kuma sanar da malaminsa, don ya yi masa uzuri.